Yadda ake feɗe babbar lamba har wutsiya, da misalin 1,079,496

Lamba mai alƙaluma bakwai tana razana ɗalibi tun kafin ya taɓa ta. A ajin ƙarshe na sakandare, ko a Katsina ko a Daura, idan malam ya rubuta irinta a allo ya ce a faɗi abin da ke raba ta, sai hannu ya tafi kan kalkuleta, a yi ta danna 2, 3, 4, 5, 6 har a kaɗa ƙararrawa. Wannan hanya ba ta ɓullewa. Kowace lamba gini ce, kuma tana da tubalan da aka gina ta da su. Wanda ya zaro tubalan nan ya gama kashi mafi wuya na aikin, domin yawan masu raba ta, jimlarsu, da rukunin da ta faɗa duk daga nan suke fitowa. Abin da wannan jagora zai bi ke nan, da lamba ɗaya tun daga farko: 1,079,496.

Kalmomi kaɗan za mu riƙe. Lamba sukutum ita ce wadda ba ta da gutsure. Fakta ita ce lambar da ta raba wata ba saura. Firam ita ce lambar da ta fi 1, wadda ba abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7, 11. Su ne tubalan. Wadda ta fi 1 kuma ba firam ba, haɗaɗɗiya ce. Ita 1 ba ta cikin ko ɗaya daga rukunan biyu.

Kayan aiki: takarda mai layi, fensir, jerin firam 25 da ke ƙasa da 100, jerin murabba'ai daga 1 × 1 zuwa 40 × 40, sai kalkuleta don tabbatarwa kawai.

Fara da karanta ta daidai

Sa waƙafi bayan kowane alƙalami uku, kana ƙirgawa daga dama: 1,079,496. Miliyan ɗaya da dubu saba'in da tara da ɗari huɗu da casa'in da shida. Akwai sifiri a gidan dubu ɗari, kuma nan ne mai kwafa yake yawan tsallakewa ya rubuta 179,496, lambar ta koma wata daban.

Akwai kuma tarkon da bakinmu ke ɗanawa. "Dubu saba'in da tara" na iya zama 79,000, na iya zama 70,009. A kasuwa ana raba gardama da cewa "dubu saba'in da dubu tara" ko "dubu saba'in da guda tara". Idan wani ne ke karanto maka lambar, ka sa ya faɗi alƙaluman ɗaya bayan ɗaya, ka ƙirga su ka ga bakwai ne.

Cika ko mara, da sauran abin da wutsiya ke faɗa

Alƙalamin ƙarshe 6 ne, saboda haka lambar cika ce, ba mara ba. Wannan bambanci na wasan yara ya fi yadda ake zato nauyi a hisabi. Malamin nan ɗan Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, rubutun da ya yi a 1732 kan hatimi, wato teburin lambobi da jimlar kowane layinsa take zuwa daidai, ya tsaya ne kan masu gidaje mara a kowane gefe, domin yadda ake cika su dabam yake da na masu gidaje cika.

Wutsiyar lamba tana faɗin sau nawa 2 ya shiga cikinta. Dubi biyun ƙarshe: 96, wanda 4 ke rabawa, don haka 4 ya raba lambar duka. Ukun ƙarshe: 496, wato 8 × 62, don haka 8 ya raba ta. Huɗun ƙarshe: 9,496. Raba shi da 16, sai a sami 593 da saura 8. Nan 2 ya tsaya. Dalilin wannan doka shi ne 100 yana rabuwa da 4, 1,000 yana rabuwa da 8, 10,000 yana rabuwa da 16, shi ya sa duk abin da ke gaban wutsiyar ba ya canza komai.

Yanzu cire su a rubuce, layi bayan layi:

1,079,496 ÷ 2 = 539,748
539,748 ÷ 2 = 269,874
269,874 ÷ 2 = 134,937

Ba ta ƙare da 0 ko 5 ba, an sallami 5 ke nan.

Uku da tara

Tara alƙaluman 134,937: 1 + 3 + 4 + 9 + 3 + 7 = 27. Tunda 9 ya raba 27, ya raba lambar. 134,937 ÷ 3 = 44,979, sannan 44,979 ÷ 3 = 14,993. Jimlar alƙaluman 14,993 ita ce 26, wadda 3 ba ya rabawa, don haka 3 ya shiga sau biyu ne kawai.

A nan ɗalibai masu kaifin kai ne ma suka fi faɗawa rami. Suna ganin jimla ta ba da 27 sai su ce to 27 ma ya raba ta. Bai raba ba: 27 × 4,997 = 134,919, saura 18. Dokar tara alƙaluma ta 3 da 9 ce kaɗai, saboda 10, 100, 1,000 kowanne yana barin saura 1 idan aka raba shi da 9. Idan aka raba 10 da 27 kuwa, sauran 10 ne, dokar ta rushe. Malami ya kamata ya tsaya a kan wannan dalili ya nuna shi a allo, ba ya ba da dokar a haddace kawai ba.

Bakwai, sha ɗaya da sha uku da jifa ɗaya

7 × 11 × 13 = 1,001. Wannan ya ba mu gajeriyar hanya. Yanka lambar uku-uku daga dama, ka riƙa ɗebewa da tarawa bi da bi. Ga 14,993: 993 − 14 = 979. Duk wanda ya raba 979 cikin ukun nan ya raba 14,993. Da 7, saura 6. Da 13, saura 4. Da 11 kuwa, 11 × 89 = 979 cif. Saboda haka 14,993 ÷ 11 = 1,363.

Ana iya yin gwajin a kan uwar lambar tun farko: 496 − 79 + 1 = 418, wato 11 × 38. Amsa ɗaya ce.

Kada ka wuce firam sai ka sake gwada shi a kan abin da ya rage, domin yana iya shiga fiye da sau ɗaya. 1,363 ÷ 11 = 123, saura 10. To, 11 sau ɗaya ya shiga.

Inda aikin yake: 1,363

Ga lamba mara, ba ta ƙare da 5 ba, jimlar alƙalumanta 13, ta tsallake 7 da 11 da 13. Mai gaggawa zai ce firam ce ya rufe littafi. Wannan shi ne kuskure mafi tsada a aikin gaba ɗaya, domin duk lissafin da zai biyo baya zai gurɓace.

Kafin a ci gaba da gwaji, a san inda za a tsaya. Idan lamba haɗaɗɗiya ce, dole ɗaya daga faktocinta bai wuce saiwar murabba'inta ba, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da ita, domin in duka biyun sun wuce, ninkinsu zai zarce lambar. 36 × 36 = 1,296, 37 × 37 = 1,369. Ashe iyakarmu 36, kuma firam da suka rage a gwada biyar ne kacal: 17, 19, 23, 29, 31.

17 × 80 = 1,360, saura 3
19 × 71 = 1,349, saura 14
23 × 59 = 1,357, saura 6
29 × 47 = 1,363, ba saura

Ga su nan, 29 da 47, duka firam. Ba a gwada 15, 21, 25 ko 27 ba, saboda an riga an kwashe 3, an kuma sallami 5.

Akwai wata hanya ta biyu da ake dangantawa da Fama, masanin lissafi na Faransa a ƙarni na 17, wadda ke da sauri idan faktocin biyu suna kusa da juna. Ɗauki murabba'in da ke sama da lambar, ka ɗebe ta, ka duba ko abin da ya rage murabba'i ne. 1,369 − 1,363 = 6, ba murabba'i ba. Matsa gaba: 38 × 38 = 1,444, a ɗebe 1,363, saura 81, wato 9 × 9. Sai ka ce 38 − 9 = 29, 38 + 9 = 47. Gwaji biyu maimakon huɗu. Amma idan faktocin suna nesa da juna, kamar 3 da 457, wannan hanya za ta wahalar da kai a banza, shi ya sa ake fara kwashe ƙanana tukuna.

Tubalan sun fito:

1,079,496 = 2³ × 3² × 11 × 29 × 47

Ƙaramar lambar da ke sama ita ce ƙarfi, wato sau nawa firam ɗin ya shiga. Wanda ba a rubuta masa komai ba, ƙarfinsa 1 ne. Mayar da ginin ka gani ko ya tashi: 8 × 9 = 72, 72 × 11 = 792, 792 × 1,363 = 1,079,496.

Masu son gwajin zubar da tara, wato a yi ta tara alƙaluman kowace lamba har ta koma alƙalami guda a gwada, su sani yana da makanta. 29 ya koma 2, 47 ya koma 2, ninkinsu 4, kuma 1,363 ya koma 4, ya yi daidai. Sai dai wanda ya rubuta 1,336 bisa kuskure shi ma 4 zai samu. Gwajin ba ya ganin alƙaluman da suka yi musayar gida. Sake ninkawa ya fi aminci.

Faktoci nawa gare ta

Ƙara 1 a kan kowane ƙarfi, ka ninka su: 4 × 3 × 2 × 2 × 2 = 96. Dalilin ƙara 1 shi ne, wajen haɗa fakta, kana iya ɗaukar 2 sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ko ka ƙi ɗauka sam, zaɓi huɗu ke nan. Wanda ya manta zaɓin ƙin ɗauka zai sami 3 × 2 × 1 × 1 × 1 = 6, amsar da ko kusa ba ta kai ba. Cikin 96 ɗin har da 1 da lambar kanta.

Ga amfaninsa a aikace. A ce Naira 1,079,496 ce za a raba daidai. Mutum 33 za su samu ba saura, domin 33 shi ne 3 × 11, kuma duka biyun suna cikin tubalan: kowa Naira 32,712. Haka 36, 44, 58, 87, 94 da 99. Amma a ce ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina za a raba wa. 34 shi ne 2 × 17, babu 17 a tubalan, don haka ba sai an taɓa kalkuleta ba an san za a yi saura. In an raba, kowace 31,749, saura 30.

A kula da yadda kalkuleta ke nuna saura. 1,079,496 ÷ 7 zai fito 154,213.714, sai yaro ya rubuta "saura 7" ko "saura 714". Abin da ke bayan ɗigo gutsure ne. Don samun saura, ninka 154,213 da 7, ka sami 1,079,491, ka ɗebe daga lambar: saura 5.

Mai rara, mai giɓi ko kammalalliya

Wannan rabo tsoho ne, tun zamanin Girkawa, kuma malaman hisabi na Larabci sun san shi da za'idi, naƙisi da tammi. Ana tara duk faktocin lamba ban da ita kanta. In jimlar ta yi daidai da lambar, kammalalliya ce, kamar 6 da ta fito daga 1 + 2 + 3, sai 28, 496 da 8,128. In ta zarce, mai rara ce. In ta kasa, mai giɓi ce.

Ba sai an jera faktoci 96 an tara ba. Ga kowane firam, tara ninke-ninkensa tun daga 1 har zuwa ƙarfinsa, sannan ka ninka sakamakon:

na 2: 1 + 2 + 4 + 8 = 15
na 3: 1 + 3 + 9 = 13
na 11: 12
na 29: 30
na 47: 48

15 × 13 = 195, sau 12 ya zama 2,340, sau 30 ya zama 70,200, sau 48 ya zama 3,369,600. Wannan jimlar har da lambar kanta, kuma mantawa da cire ta shi ne kuskuren da aka fi yi a nan. 3,369,600 − 1,079,496 = 2,290,104. Ya ninka lambar fiye da sau biyu. Mai rara ce, rararta 1,210,608.

Da rukunin kawai ake tambaya, da an amsa tun lokacin da muka ga 2 da 3 sun raba ta: duk lambar da 6 ya raba, in dai ta fi 6, mai rara ce, saboda rabinta da sulusinta da sudusinta kaɗai sun kai ita kanta, ga kuma 1 a kai. Kada wannan ya sa a zaci lambobi cika ne kaɗai ke da rara. Akwai mara masu rara, ƙaramarsu 945.

Wani ƙidaya da ke fitowa daga tubalan shi ne yawan lambobin da ba su wuce ta ba waɗanda ba su haɗa wata fakta da ita ba sai 1, abin da ake kira ƙidayar Oila, da sunan masanin lissafi Euler. Ga firam mai ƙarfi 1, ɗebe 1: 10, 28, 46. Ga 8, amsar 4 ce, wato 1, 3, 5, 7. Ga 9, amsar 6 ce. Ninka duka: 4 × 6 × 10 × 28 × 46 = 309,120. Tsarin RSA da ke tsare saƙonni a intanet a kan irin wannan ƙidaya aka gina shi, kuma ƙarfinsa shi ne wahalar farfasa lamba mai ɗaruruwan alƙaluma zuwa tubalanta.

Murabba'i ce?

Wannan lamba ta dace da koyar da wannan darasi, domin ta tsallake duk gwajin ido. Murabba'i yana ƙarewa da 0, 1, 4, 5, 6 ko 9: tamu ta ƙare da 6. Murabba'in da ya ƙare da 6, alƙalamin gidan gommansa mara ne, kamar 16, 36, 196: tamu 9 ne. Idan aka yi ta tara alƙaluman murabba'i har ya koma guda, ana samun 1, 4, 7 ko 9: tamu 36, ta koma 9. Duk ta ci, amma ba murabba'i ba ce. Gwaje-gwajen nan suna iya kore lamba, ba sa iya tabbatar da ita.

Tubalan ne ke yanke hukunci. Murabba'i sai kowane ƙarfi ya zama cika. Namu 3, 2, 1, 1, 1 ne, huɗu daga ciki mara. Tabbaci na biyu: 1,038 × 1,038 = 1,077,444, 1,039 × 1,039 = 1,079,521, tamu tana tsakani. Wata alama kuma, murabba'i ne kaɗai ke da yawan faktoci mara, tamu kuwa 96.

Lura da cewa 25 kacal ya rage ta kai 1,079,521, kuma 25 murabba'in 5 ne. Hanyar Fama ta sake aiki: 1,034 × 1,044 = 1,079,496. Da shuka ce za a jera a fili, layi 1,034 kowanne da rami 1,044 shi ne tsarin da ya fi kusa da murabba'i.

Tambayar da ke yawan zuwa a jarrabawa irin ta WAEC da NECO ita ce: wace ƙaramar lamba za a ninka ta da ita ta zama murabba'i? Ɗauko duk firam mai ƙarfi mara, ka ninka: 2 × 11 × 29 × 47 = 29,986. Sakamakon zai zama murabba'in 179,916. Ninka lamba ɗaya da kanta har sau uku kuwa, kamar 2 × 2 × 2, yana bukatar kowane ƙarfi ya rabu da 3, tamu ba ta cika ba: tana tsakanin 102³ = 1,061,208 da 103³ = 1,092,727.

Sauran rukunai a gurguje

Lambar dala ita ce wadda za a iya jerawa kamar buhuna, 1 a sama, 2 a ƙarƙashinsa, 3, har ƙasa. Gwajinta: ninka da 8, ƙara 1, duba ko murabba'i ne. 8,635,969 yana tsakanin 2,938² = 8,631,844 da 2,939² = 8,637,721, don haka ba ta dala ba ce. Jeri 1,468 zai ci 1,078,246, a bar 1,250 a ƙasa.

Ba za a iya rubuta ta a matsayin jimlar murabba'i biyu ba. Dokar ita ce a duba firam masu barin saura 3 idan an raba su da 4. In ɗayansu yana da ƙarfi mara, ba zai yiwu ba. 3 yana da ƙarfi 2, ya wuce, amma 11 da 47 sun hana.

Jimlar alƙalumanta 36, kuma 36 ya raba ta, 29,986 ba saura. Irin wannan ana kiranta lambar Harshad, sunan da Kaprekar na Indiya ya raɗa. A tuna wannan sifa ta rubutu ce a tsarin goma, tana iya ɓacewa in an sauya tsari, alhali tubalan ba sa sauyawa.

A tsarin biyu na kwamfuta, ɗebe mafi girman ninkin 2 da zai shiga, ka yi ta maimaitawa: 1,048,576, sai 16,384, 8,192, 4,096, 2,048, 128, 64 da 8. Ka sa 1 a gidajen nan, sifiri a sauran: 100000111100011001000, gida 21. Sifiri ukun ƙarshe su ne 2³ ɗin da muka cire tun farko, don haka sun zama shaida cewa ba a yi kuskure a wutsiya ba. A tsarin sha shida, inda harafin C ke tsayawa a madadin 12, ana rubuta ta 1078C8.

Ga masu aiki da kwamfuta: Excel alƙaluma 15 kawai yake riƙewa, abin da ya wuce haka sai ya mayar da shi sifiri ba tare da gargaɗi ba. Gwajin cika da mara ko na 3 a kan irin wannan lamba ba shi da amfani, tunda wutsiyar ta riga ta lalace.

Gwada hanyar a kan lambar gida

Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Katsina mutum 5,801,584. Huɗun ƙarshe 1,584 ne, wato 16 × 99. Raba da 2 sau huɗu: 2,900,792, sai 1,450,396, sai 725,198, sai 362,599, wadda mara ce. Jimlar alƙalumanta 34, babu 3. Gwajin 1,001: 599 − 362 = 237, wato 3 × 79, babu 7, babu 11, babu 13.

Iyakar gwaji: 602 × 602 = 362,404, 603 × 603 = 363,609. Firam da ba su wuce 602 ba guda 110 ne, na ƙarshensu 601. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya a darasi ɗaya, amma aji mai ɗalibai 40 zai gama shi cikin minti kaɗan in an ba kowa firam uku, kowa ya rubuta sauransa a allo, na kusa da shi ya duba masa. Wasu za su zo dab: 37 × 9,800 = 362,600, ya zarce da 1, 223 da 271 kowanne ya bar saura 1, 71 ya bar 2. Dab ba rabuwa ba ce. Babu ko ɗaya cikin 110 da ya raba ta, don haka 362,599 firam ce.

5,801,584 = 2⁴ × 362,599. Faktocinta 5 × 2 = 10 kacal, duk da ta ninka lambarmu ta farko fiye da sau biyar. Jimlarsu 31 × 362,600 = 11,240,600. A cire ita kanta, saura 5,439,016, wanda bai kai ta ba. Mai giɓi ce, giɓinta 362,568.